WA ZAI YI JIYYAR WANDA YA BA DA ƘODA?

Duk wanda yake zaune a Sabon Badun ya saba da jin irin sanarwar nan bayan an idar da salla: wane ɗan wane ƙodarsa ta lalace, likitoci sun ce sai an yi masa dashe, ana roƙon jama'a su taimaka da abin da ya sawwaƙa. In kuwa za a faɗi gaskiya, mutanen Sabo ba su da rowa a irin wannan wuri. 'Yan canji sukan zuba, mahauta su zuba, dillalan shanu da na goro su zuba, har mai tsire da ɗan dako kowa ya miƙa nasa. In Allah ya sa kuɗi ya haɗu, aka kuma sami ɗan'uwan da jininsa ya dace, sai a yi aiki. Daga nan sai a yi ta tururuwa zuwa duba majiyyaci, ana yi wa juna barka. Madalla. Amma akwai tambaya guda da ban taɓa jin an yi ta a ƙofar masallaci ba, ita ce kuwa nake so in yi yau. Shi wancan da aka tsaga cikinsa alhali lafiyarsa ƙalau, aka cire masa ƙoda ɗaya, wa yake jiyyarsa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani saurayi da na sani tun yana yaro, ba zan faɗi sunansa ba, ɗan dako ne a kasuwar Bodija. Ya ba wansa ƙoda, an yi aikin a wani asibiti a wani gari. Mako huɗu bai cika ba na gamu da shi yana tura baro cike da buhunan albasa, yana tafe yana ɗan karkacewa gefe guda. Na tsayar da shi na ce, "Kai yaro, ba an ce ka huta ba?" Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Baba, in na huta wa zai ba yara abinci? Kuɗin da aka tara na Yaya ne, maganinsa ma bai isa ba." Na ce ko ya koma asibiti an duba shi. Ya ce an ba shi rana, amma kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi abin da yake samu a kwana biyar. Bayan 'yan watanni wurin ɗinkin ya saki ta ciki, hanji ya turo, sai da aka sake yi masa wani aikin. A wannan karo babu wanda ya yi sanarwa a masallaci. Bashi ya ci.

Ban kawo labarin nan don in zargi wansa ko danginsa ba, domin su ma a cikin wahala suke. Laifin na tunaninmu ne mu duka. Mun ɗauka cewa a aikin dashe majiyyaci ɗaya ne, alhali kuwa biyu ne.

Su kansu likitoci sun daɗe da sanin nauyin wannan al'amari. Ran 23 ga watan Disamba na 1954, a birnin Boston na ƙasar Amurka, aka cire ƙoda daga jikin wani saurayi mai suna Ronald Herrick, likita Joseph Murray ya dasa wa tagwaicinsa Richard. Wannan shi ne dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya. Abin da ya fi damun likitocin kafin su ɗauki wuƙa shi ne, za su yi wa lafiyayyen mutum babban aiki wanda jikinsa ba zai ƙaru da kome ba. Richard ya ƙara shekara 8 a duniya. Ronald kuwa, da ƙodarsa guda, sai a 2010 ya rasu yana da shekara 79. Watau dai mutum yana iya tsufa da ƙoda ɗaya, wannan babu shakka a cikinsa, kuma ina so wanda yake niyyar taimakon ɗan'uwansa ya ji wannan da kyau, kada ya ce na zo in tsorata shi.

A nan Nijeriya an fara dashen a asibitin St. Nicholas da ke Ikko a shekarar 2000. A 2002 asibitin koyarwa na Ile-Ife da asibitin koyarwa na Aminu Kano suka bi sahu, sa'an nan namu na nan Badun, watau UCH, wanda daga Sabo in ka bi ta Mokola ba wata tafiya ba ce, ya yi nasa na farko a 2008. Maiduguri ta biyo baya a 2010. Abin lura shi ne, a ƙasashen Turawa yawancin ƙodar da ake dasawa daga jikin mamata ake samun ta, amma a ƙasar nan kusan duk ƙodar da aka dasa daga rayayyen mutum ta fito. Ashe ke nan duk lokacin da muka ji an yi dashe, to, akwai wani bawan Allah ko baiwar Allah da ke kwance a wani gado da ɗinki a kwiɓi. Da babu shi, da duk na'urorin nan da ƙwararrun nan ba su da abin yi.

To, mene ne ainihin abin da ke samun mai ba da ƙoda bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata? Hanya biyu ake bi wajen cire ƙodar. Akwai ta dauri, wadda ake yin doguwar tsaga a kwiɓi. Akwai kuma wadda aka fara a Amurka a 1995, inda ake huda ƙananan ramuka a ciki a zura madubi da kayan aiki, sa'an nan a yi 'yar gajeriyar tsaga a fito da ƙodar. Wanda aka yi wa ta biyun yakan bar asibiti cikin kwana biyu zuwa huɗu, na farkon kuwa yakan kai mako guda. A kwanakin farko akwai ciwo, akwai kumburin ciki, bayan gida yakan yi wuya saboda magungunan kashe zafi. Nas-nas sukan matsa wa mutum ya tashi ya taka tun washegari, ya kuma riƙa jan numfashi mai zurfi. Ba mugunta ba ce. Kwanciya wuri ɗaya ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan jinin nan kuwa in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashe mutum nan take. In bayan sallama aka ga zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, ko fitsari ya ragu ƙwarai, to, asibiti za a nufa a daren nan, ba kemis ba.

Amma babbar maganar, wadda ta fi shafar mutanenmu, ita ce ta ɗaukar kaya. Fatar waje tana haɗewa cikin mako biyu, mutum ya duba ya ga kamar ya warke. Naman ciki da aka ɗinke kuwa yana bukatar aƙalla mako shida kafin ya yi ƙwari. Saboda haka likitoci sukan hana ɗaukar duk wani abu mai nauyi, ko da bokitin ruwa cike ne, har tsawon wannan lokaci, mai aikin ƙarfi kuwa sukan ce ya dakata har wata biyu zuwa uku. Ga gajiya kuma, wadda masu ba da ƙoda da yawa suke kuka da ita makonni bayan ciwon ya tafi.

Yanzu don Allah mu dubi wannan ƙa'ida da idon mutumin Sabo. Ma'aikacin ofis in an ce ya huta mako shida, takarda zai kai, albashinsa kuma yana tafiya. Amma su wa ke ba da ƙoda a cikinmu? Ƙane ne, ko ɗa, ko mata, ko ƙanwa. Ɗan dako ne a Shasha ko Bodija, ɗan acaba ne da ke faɗawa ramukan titi tun safe har dare, yaron mahauta ne mai saɓa cinyar sa a kafaɗa, ɗan ga-ruwa ne, mai ɗora huhun goro a mota ne. Jarinsu ƙarfinsu ne, kuma hannu baka hannu ƙwarya suke yi. A ce wa irin wannan mutum ya zauna wata uku ba tare da an ajiye masa abin da zai ci ba, daidai yake da a ce masa ya tashi sama babu fiffike. Mace kuwa abin ya fi muni. Matar da ta ba mijinta ƙoda, ita ce za ta dawo gida ta ci gaba da jiyyarsa, ta ɗora tukunya, ta yi wanki, ta goya yaro a kan ɗinkin da bai warke ba. Baƙin da suka zo dubiya ma ita za ta tashi ta kawo musu ruwa.

Akwai kuma halinmu na kunya da nuna jarumtaka. Mai ba da ƙoda yana ganin in ya ce yana jin ciwo, ko ya nemi kuɗin magani, za a ce yana gori, ko ladansa zai ragu. Sai ya haɗiye. In kuwa aka yi rashin sa'a jikin ɗan'uwan ya ƙi karɓar ƙodar, ko ya rasu, to, baƙin cikin da yake shiga Allah kaɗai ya san iyakarsa, ga ƙoda ta tafi ga ɗan'uwa ya tafi, wasu ma har su riƙa ganin laifin kansu.

Wannan duk na watannin farko ne. Saura na sauran rayuwa. Ƙodar da ta rage takan ƙara girma ta ɗauki aikin, har ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da biyun suke yi a da, kuma wannan ya ishi mutum. Sai dai ba shi da ta ajiya kuma. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, wanda ya bi sawun masu ba da ƙoda fiye da 96,000, ya nuna cewa cikin shekara 15 kimanin mutum 31 cikin 10,000 ne tasu ƙodar ta gaza, alhali a cikin lafiyayyu irinsu da ba su bayar ba, kimanin 4 ne. Adadin kaɗan ne, amma a cikin baƙaƙen fata ya kai wajen 75 cikin 10,000. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suke dangantawa da wannan shi ne wani ƙwayar gado da ake kira APOL1, wanda aka gano alaƙarsa da ciwon ƙoda a 2010, asalinsa kuwa nan Afirka ta Yamma. A 2024 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan mutum fiye da 8,000 a Nijeriya da Gana, masu ciwon ƙoda da lafiyayyu, aka sami kusan 3 cikin kowane 10 sun gaji nau'in mai haɗarin ta wajen uwa da uba duka. Tun da yake ɗan'uwa na jini ne yakan bayar, abin da ya kwantar da wa yana iya kasancewa a jikin ƙane. Waɗancan alƙaluman na Amurka kuma, a tuna, na mutanen da ke da likita kusa ne.

Maganin wannan ba wani abu ne mai tsada ba, shi ya sa sakacin ya fi ciwo. Ƙa'idar da likitocin ƙoda na duniya suka amince da ita ita ce a duba mai ba da ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara har iyakar ransa: a auna hawan jini, a auna nauyinsa, a gwada jini don a ga yadda ƙodar take tacewa, a gwada fitsari ko furotin yana zuba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu cin ƙoda, kuma ba sa yin sallama, sai sun yi ɓarna ake ji. In an kama su da wuri, ƙwayar magani ƙalilan ta isa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a unguwarmu shi ne magungunan ciwon jiki. Mai aikin ƙarfi in ya tashi da yamma, sai ya biya ta wurin mai tallan magani ko kemis ya ce a haɗa masa na gajiya. A cikin haɗin nan da wuya ka rasa diclofenac, ko ibuprofen, ko Feldene, wani lokaci ma duka ukun a ƙulli ɗaya. Waɗannan kuwa su ne ainihin magungunan da ake gargaɗin mai ƙoda ɗaya ya nisanta, domin suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ga jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kwalabe, na basir da na ƙarfin maza da na shawara, namu da agbo na maƙwabtanmu Yarbawa, waɗanda mai sayarwar ma bai san awon abin da ke ciki ba. Ga gishiri da dunƙule da muke zubawa a miya da yajin tsire kamar ba gobe. Wa ya zaunar da saurayin nan ya yi masa wannan bayani da Hausa? Sau da yawa takarda ake miƙa masa da Turanci ranar sallama, ya linke ta ya sa a aljihu, shi ke nan.

Haka batun azumi. Wanda aka yi wa aiki dab da watan Ramalana, ya tambayi likita kafin ya ɗauka, addini kuwa ya riga ya ba marar lafiya sauƙi ya rama daga baya. Macen da ta ba da ƙoda tana iya haihuwa lafiya, amma ana son ta jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa shekara, in kuma ta samu ta riƙa zuwa awo a kan kari ta faɗa musu ƙodarta ɗaya, domin haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga, ya fi yawa a gare ta.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, Malam, in aka fara ware wa mai ba da ƙoda kuɗi, ai an buɗe ƙofar ciniki ke nan. Wannan tsoro yana da tushe, ban raina shi ba. Duk mun ga abin da ya faru da tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, wanda wata kotu a Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a watan Mayu na 2023, saboda kai wani saurayi mai talla a titin Ikko zuwa Ingila don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ba da gaɓa bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta cinikin sassan jiki. Amma dokar nan ɗaya ta keɓe mayar wa mai bayarwa kuɗin da ya kashe bisa ƙima saboda bayarwar. A Ingila, inda aka ɗaure Ekweremadu, hukumar lafiyarsu da kanta take biyan mai ba da ƙoda kuɗin mota da albashin da ya rasa a lokacin jiyya. Sayen ƙoda shi ne ka bar mutum da riba don ka ja ra'ayinsa. Abin da nake magana a kai shi ne kada a bar shi da hasara. Wanda ya kasa bambanta waɗannan biyu, to, ya sani a halin yanzu talaka ne yake biyan kuɗin alherinsa da kansa, kuma duk ƙanen da ya ga yadda saurayin nan na Bodija ya ƙare, zai yi tunani sau biyu ranar da aka nemi tasa.

Gwamnatin Tarayya ta fitar da sababbin ƙa'idojin dashen sassan jiki a 2025. Abu ne mai kyau, amma takarda ba ta auna hawan jini. A Amurka tun 2013 tilas ne asibitin da ya cire ƙoda ya ba da rahoton lafiyar mai bayarwa bayan wata 6, da shekara ɗaya, da shekara biyu, kuma in wata rana tasa ƙodar ta gaza, ana sa shi gaba a layin masu jiran dashe. Ban ga abin da zai hana Ma'aikatar Lafiya ta ɗora wa kowane asibitin dashe a ƙasar nan, na gwamnati da na kuɗi, irin wannan nauyi ba, ta kuma sa duk wanda ya ba da ƙoda cikin inshorar lafiya kyauta. Yawansu bai kai ya girgiza baitulmali ba. Kuɗin gwajin shekara na mutum ɗaya bai kama ƙafar abin da ake kashewa a wankin ƙoda na wata guda ba. Tun da yake kuma mutanenmu matafiya ne, yau Badun gobe Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ya kamata a ba kowane mai bayarwa kati mai ɗauke da ranar aiki, da ɓangaren da aka cire, da sakamakon gwajinsa na ƙarshe, don kowane likita ya gani ya gane.

Sai dai ba sai mun jira Abuja ba. Tun da aka kafa Sabo a 1916, abin da ya riƙe ta shi ne lamuni. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya cewa in ba a biya ba shi zai biya. Har wani masani mai suna Abner Cohen, da ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, littafi guda ya rubuta a kan wannan tsari. Mutanen da suka iya tsaya wa baƙo a kan kuɗin shanu, ba za su kasa tsaya wa ɗansu a kan abincin wata uku ba. Ina kira ga Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, duk lokacin da za a yi sanarwar neman taimakon dashe, a sa kason mai bayarwa a cikin lissafi tun daga farko: abincin iyalinsa na wata uku, kuɗin hayar ɗakinsa, kuɗin motar komawa asibiti, da na gwaji. A damƙa kuɗin a hannun wani dattijo amintacce, dabam da na majiyyaci, don kada kunya ta sa a haɗe su. In mace ce ta bayar, a samo wadda za ta zo ta zauna da ita ta karɓi girki da ɗiban ruwa, kamar dai yadda ake yi wa mai jego har ta yi arba'in. Maigidan da yaronsa ya bayar kuwa, ya ajiye masa gurbinsa, ya ba shi aikin zaune kafin ya warware.

Shi saurayin nan har yanzu yana Bodija. Ya bar dako, yana tsaron rumfar wani mai albasa. Da na tambaye shi rabonsa da a auna jininsa, sai ya ce tun ranar da aka sallame shi daga aiki na biyu. Mun yi da shi ranar Litinin zan raka shi.